Yadda Muka Raba Italiyanci a Gidanmu

Ina da shekara goma sha huɗu Italiyanci ya shigo gidanmu na Harra ta Yamma a Madina, kuma daga ƙarƙashin gadon kakata Sitti ya fito. Amma bari in fara da bayan Baba, don shi ya jawo komai.

Baba ya shekara ashirin da biyu yana buga balat, wato tayil ɗin nan na siminti da tsakuwar marmara da ake shimfiɗawa a ɗaki. Da hannu suke yi. A zuba kwaɓi a kwanon ƙarfe, a rungumi sandar matsi, a ja da ƙirji har ido ya fito. Ni a lissafina rabin Madina a kan gumin Baba take tafiya. In ya dawo gida sai ya yi minti goma yana shawara da bayansa kafin su yarda su zauna tare, kuma ƙarar da ke fitowa kamar akuya ce ke taka busasshen ganyen dabino.

Wata rana ya dawo bai ma gwada zama ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce maigidansu ya sayo inji daga Italiya, mai aikin mutum goma sha biyu. Mutum ɗaya zai riƙe shi, yana tsaye a inuwa yana danna maɓalli. Sauran za su koma ɗaukar buhun siminti. Ba'italiyen da zai haɗa injin zai yi kwana biyar, kuma shi zai nuna wanda za a ba. Tun da ba Musulmi ba ne ba zai shigo gari ba, shi ya sa aka kafa sabuwar rumfar can bayan iyakar harami, a kan hanyar Badr.

"Buhun siminti da wannan bayan?" in ji Umma. "Ai sai dai a riƙa dawo mana da kai kashi biyu."

"Ɗan 'yar maigidan ma yana so," Baba ya ce. "Ya yi Turanci a makaranta. Biro biyu ne a aljihunsa."

Sitti, mahaifiyar Baba, tana gefe tana tsince shinkafa. Tana yarinya ta taso daga Damagaram a ƙafa, ta ce sun ratsa harsuna arba'in kafin su ga teku, kuma ba wanda ya hana ta cin abinci. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Shi mutumin Italiya da wane baki yake magana?"

"Italiyanci, Inna."

"To ina da shi."

Sitti ba ta yarda takarda mai rubutun Larabci ta kwana a ƙasa. Ba ta iya karatu ba, saboda haka duk darajarsu ɗaya a wurinta: guntun jarida, takardar sabulu, ta maganin tari, duk sai ta ɗauka ta kaɗe ta ajiye a gwangwanin madara. Gwangwani tara ne a ƙarƙashin gadonta. A cikin na shida ta zaro takardu huɗu masu ƙamshin barkono. Wani alhaji ɗan Libiya da ya taɓa sauka a ɗakinmu na sama ne ya naɗe mata yaji a ciki, ya ce mata daga littafin koyon Italiyanci ya yago.

Ni na karanta wa gidan, tun da ni ce mai makaranta. A saman takardar farko an rubuta da Larabci cewa babin siffofi ne. Kowane layi kalma ɗaya ce da boko, an datsa ta gunduwa-gunduwa da ɗan layi kamar mahauci ya bi ta kanta, an ɗora wata 'yar alama a kan gunduwa ɗaya, sannan ga yadda ake faɗa da ma'ana da Larabci a gefe. Kalma arba'in, a jere bisa haruffan boko. Na duba gaba na duba baya. Babu sallama, babu zo, babu kawo, babu tsaya. Ko ruwa babu. Sai mai ɗaci, busasshe, jiƙaƙƙe, kyakkyawa, mai zafi, har zuwa wofi. A bayan takarda ta huɗu aka bayyana yadda ake gina su: in namiji ne kalma ta ƙare da o, in mace ce ta ƙare da a, in abin ya yi yawa kuma a liƙa masa wutsiya, issimo.

"Ashe su ma suna raba maza da mata," Sitti ta ce. "Mutanen kirki ne."

Muna da malami a shirye. Wani ɗalibi ne ɗan Katsina da ke karatun ƙira'a a jami'a, wanda kowace Alhamis yake zuwa cin tuwo a gidanmu saboda ya ce shinkafar makaranta ta kusa raba shi da iyayensa. Malam muke ce masa. Ya wanke hannu, ya karɓi takardun, ya yi ta duba su har miya ta huce, sannan ya ce, "Alhaji, mutanen nan sun san tajwidi."

Ya nuna wa Baba da tsinken asawaki. Layin da ya raba gaɓa da gaɓa ƙaramin waƙafi ne. Inda harafi ya zo biyu, kamar a bel-lo da fred-do, shadda ce, a danne ta sosai. Alamar da ke saman gaɓa kuwa madda ce, ba tantama. Matsala ɗaya, takardar ba ta faɗi tsawon maddar ba.

"Biyu za a ja, ko huɗu, ko shida?" Baba ya tambaya.

Malam ya shafa gemunsa, wanda a lokacin gashi goma sha ɗaya ne, na ƙirga. "Baƙo ne, daga nesa ya zo. A ba shi shida."

Aka samo allo. Kullum bayan la'asar Malam yana zuwa, wanda ya mayar da kowace rana Alhamis a tukunyar Umma. Ya rubuta kalma biyu a allo, ya riƙa buga asawaki a faranti, bugu ɗaya gaɓa ɗaya, Baba na durƙushe yana rangaji yana bi. A-maaaaaa-ro. Ba-nyaaaaaa-to. Muryar Baba irin ta masu kiran mutum daga ƙetaren kwari ce. Rana ta biyu maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta aiko a tambaya wa ya rasu. Rana ta huɗu kyanwar gidan ta kwashe 'ya'yanta ta koma unguwar Ƙuba.

Wasu kalmomin maddarsu a gaɓar farko take, irin pik-ko-lo da mor-bi-do. Malam ya sa musu suna masu gaggawa, ya ce a kiyaye su, don in aka kai maddar tsakiya an yi wa mutane ɓarna a harshensu, kuma harshe amana ne. Baba ya taɓa kai ta tsakiya sau ɗaya, aka hana shi ƙari ranar, ya wuni yana kumbura kamar ɗan shekara bakwai.

Ƙanena, mai shekara tara, wanda ko ka zage shi da Hausa da Larabci zai rama, ya haddace komai daga bakin ƙofa ba tare da ya yi niyya ba. Shi wutsiyar nan ce ta burge shi. Shayi ya zama kaldissimo, ni na zama buruttissima, wato mummuna ta ƙarshe, na bi shi da takalmi har saman soro.

Mako uku Baba ya sauke. Ya karanto daga amaro har zuwa kalma ta arba'in ba tuntuɓe. Umma ta raba dabino a layinmu. Ni kuma, da ba a taɓa yin abin farin ciki na bar shi ya zauna lafiya ba, na ce, "Baba, in inji yana gudu da yawa, ya za ka ce mai sauri?"

Baba ya rufe ido. Ya gyara zama. Ya ce, "A-maaaaaa-ro."

Mai sauri ita ce ta talatin da takwas. Na ɗora ruwan shayi, ya tafasa, na zuba, na kawo, Baba yana wajen mai laushi.

"Malam," na ce, "ba zai iya ciro ɗaya daga tsakiya ba?"

Malam ya dube ni kamar na ce a fara salla daga sujada. "Yarinya, karatu daga farko ake ɗauko shi. Haka aka koya mana, haka muke koyarwa."

Ranar farko da Ba'italiyen ya iso, Baba ya tafi shi kaɗai da sabuwar riga. Ya dawo da yamma ya zauna ba tare da ya shawarci bayansa ba, abin da ya nuna mana lamarin ya ɓaci. Ya ce Ba'italiyen gajere ne, ja, gashin hannunsa ya isa a yi tabarma. Mutumin ya nuna wani akwati yana tambaya da ido, Baba ya so ya ce masa mai nauyi ne. Ya fara daga farko. Mutumin ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannu, yana zaton addu'a ake yi. Kafin Baba ya iso mai nauyi mutum huɗu sun ɗauke akwatin, sun buɗe, sun tafi cin abinci.

"Shi kuma mai biro biyu?" Umma ta tambaya.

"Mutumin ba ya jin Turanci ko kaɗan. Amma yaron yana cewa okay yana gyaɗa kai, kuma nan da nan yake gamawa. Na ga alama mutumin yana son abin da ake gamawa nan da nan."

Ba wanda ya yi dariya, har ni. Na kalli hannun Baba a kan gwiwarsa, duk ya tsattsage, na tuna buhun siminti ya fi ƙanena nauyi.

Dabarar daga gidan rasuwa na samo ta. In ana son a sauke karatu kafin azahar, ba mutum ɗaya ake bar wa ba, rabawa ake yi, kowa ya ɗauki nasa kason. Na ce a raba kalmomin. Baba ya san ma'anar kowace da Hausa, sai ya kira, mai riƙe da ita ya amsa da Italiyanci. Malam ya yi nazari ya ce bai ga inda aka hana ba. Ƙanena ya ɗauki na farko, Umma na biyu, Malam na tsakiya. Sitti ta ce kanta ya cika da harsuna arba'in, uku kawai za ta iya, aka ba ta na ƙarshe. Ni aka ɗora mini goma sha ɗaya, wai ladan kawo shawara. Malam ya aika jami'a cewa zazzaɓi zai kama shi na kwana huɗu.

Washegari da sassafe muka cika akori-kurar mijin maƙwabciyarmu, da tabarma, da tulun shayi, da kwandon gurasa. Muka wuce duwatsun Harra baƙaƙe, muka wuce allon iyaka, muka shimfiɗa a inuwar bangon rumfa, daidai ƙofa. Maigidan Baba, wani dogon Bahijaze mai carbi, ya fito ya dube mu.

"Esh hada, ya mu'allim? Su wane ne waɗannan?"

"Iyalina ne," in ji Baba. "Sun fito shan iska."

Maigidan ya dubi ƙurar siminti da ke tashi, ya dubi Sitti tana zuba shayi, ya ja carbinsa ya koma ciki.

Ba a yi rabin sa'a ba muka ji muryar Baba daga ciki. "Jiƙaƙƙe!"

Ƙanena ya miƙe, ya buɗe baki har ana ganin abin da ya ci jiya. Shi ma daga farkon kasonsa ya ɗauko, don duk cutar ɗaya muka kwasa a wurin Malam, amma tasa ta uku ce. "Ba-nyaaaaaa-to!"

Ba'italiyen ya leƙo da sauri. Ya dubi yaron, ya koma ya tsoma hannu a kwaɓin, ya murza, ya ɗaga gira. Ya sa aka ƙara siminti. Daga nan aiki ya kankama. Baba ya ce mai zafi, ƙanena ya amsa. Ya ce mai tauri, Umma ta amsa daga cikin mayafi, a hankali, kamar tana faɗin sunan surukinta. Kafin azahar mutumin ya gane tsarin, ya daina jiran Baba ya kira, ya fara nuna mu da sifana. In yana son a rage gudu ya nuna Malam. In yana son a ƙara ya nuna Sitti.

A nan Sitti ta gano mulki. Kalmarta ta farko ita ce mai sauri, wadda bakinta ya mayar beloce, kuma ta lura duk sa'ad da ta faɗe ta maza goma sha biyu suna rugawa. Sai ta fara faɗa ko ba a nuna ta ba. In shayi ya ƙare, beloce. In ƙuda ya dame ta, beloce. Sau ɗaya ta faɗa cikin gyangyaɗi, wani Bayamane ya jefar da buhu ya ɗauki wani ya ruga da shi, bai san inda za shi ba.

Rana ta uku aka yi rigima a kan madda. Ba'italiyen ya zo bakin tabarma da kofin shayin Umma a hannu, ya ce len-to, gajere, yana sara iska da hannu. Malam ya ce leeeeeen-to, ya ƙirga shida da yatsu a gaban hancinsa. Mutumin ya nuna yatsa biyu. Malam ya ce da Hausa, "Bawan Allah, mu da muke girmama maka harshe?" Suka yi ta ɗaga wa juna yatsu kamar masu cinikin rago, har suka tsaya a huɗu, suka yi musabaha. A mota Malam ya ce mutumin bai yi karatu a gaban malami ba, a gida kawai ya tsinci yaren.

Duk da haka ba mu san inda aka dosa ba. Mai biro biyu ya sayo baƙin tabarau, yana tsayawa daf da injin da littafi a hannu, yana rubuta abin da ba wanda ya faɗa. Kuma ɗan 'yar maigida ne. Ba'italiyen yana yi mana dariya, amma shi yake koya wa maɓallai.

Rana ta huɗu aka tada injin gaba ɗaya, aka ba yaron ya gwada. Akwai wani jan maɓalli babba a gefe, wanda Ba'italiyen ya nuna tun ranar farko ya ja yatsa a maƙogwaronsa, ma'ana wanda ya taɓa ya mutu. Balat na fitowa a jere, masu sheƙi, maigidan na murmushi har carbinsa ya tsaya. Baba yana can baya da shebur. Daga inda nake ina ganin kansa yana rangaji kaɗan-kaɗan, don injin bugu uku yake yi, ta-TAM-ta, ta-TAM-ta, kuma mutumin da ya yi mako uku yana bin asawaki a faranti ba ya iya jin bugu bai ƙirga ba.

Sai na ga kansa ya tsaya. Ni ban ji komai ba. Daga baya ya ce mana nauyin bugun ne ya tashi daga tsakiya ya koma ƙarshe, kuma a shekara ashirin da biyu bai taɓa jin ƙarfe ya canja murya don alheri ba.

Ya juyo ya daka mini tsawa. "Karyayye!"

Tawa ce. Ta takwas a kasona. Kuma akwai dabino biyu a bakina, don na ɗauka ranar hutu ce. Na haɗiye ɗaya da ƙwallonsa, na miƙe, na fara. Pe-saaaan-te. Piiiik-ko-lo. Ina gani Baba yana kallona, yana kallon injin, yana kallona. Ina wajen matalauci ya jefar da shebur, ya ture mai tabarau da kafaɗa, ya kai wa jan maɓallin mari.

Komai ya mutu. Rumfar ta yi tsit, sai ƙura ke sauka. Maigidan ya taso fuskarsa kamar gauta. "Esh sawwait? Me ka yi? Hassada ce, don yaron yana yi da kyau? Ka san abin da ka taɓa?" Ba'italiyen ya ɗora hannu biyu a ka. Baba ya tsaya kawai, bai da kalma ko ɗaya, don nasa arba'in ɗin daga amaro suke farawa.

Ni kuwa ban tsaya ba. Ba a koya mini yadda ake tsayawa a tsakiya ba. Na wuce mai tsabta, na wuce mawadaci, na wuce ja, duk rumfar na saurare, har na iso, na danne shaddar kamar yadda Malam ya ce.

"Rooooot-to!"

Ba'italiyen ya sauke hannunsa. Ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya nuna ƙarƙashin injin, ɓangaren hagu. Mutumin ya kwanta da cikinsa ya shige har sai takalmansa kawai ake gani. Muka ji ƙarar sifana, muka ji wasu kalmomi da babu su a takardunmu. Ya fito riƙe da wata ƙusar ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ta tsage har ta kusa rabuwa biyu. Ya miƙa wa maigidan, ya nuna da hannu yadda sandar matsi za ta tashi ta bi ta rufin kwano ta sauka wajen Badr. Sannan ya zauna a ƙasa cikin ƙura ya yi ta dariya har da hawaye, yana nuna ni yana ƙirga takwas da yatsu.

Rana ta biyar ba wanda ya nuna mu da sifana, amma mun je. Tun safe mutumin ya ja Baba gaban maɓallai, ya riƙa ɗora hannunsa a kan kowanne. Da la'asar ya cire igiyar makullin injin daga wuyansa ya rataya wa Baba a gaban kowa. Mai tabarau ya ce okay.

Maigidan ya ja Baba gefe, amma kusa da tabarmarmu, ina ji.

"Mabruk, ya mu'allim. Amma ka faɗa mini gaskiya. Waɗannan, kullum za su riƙa zuwa? Tsohuwar nan ta kusa kashe mini ma'aikata."

"A'a," in ji Baba. "Injin ba ya jin Italiyanci. Mutumin ne yake ji, shi kuma gobe zai tafi."

Washegari Baba ya fito da makulli a wuya, ya tarar da Sitti a zaune a bakin ƙofa, ta yi wanka, ta sa mayafin Juma'a, tulun shayi a cinya. Ya durƙusa ya yi mata bayani har sau biyu. Ta tashi ta koma ɗaki, kuma kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba.